RA'AYINMU: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Babu wani gida a ƙasar nan da zai bugi ƙirji ya ce matsalar shan miyagun ƙwayoyi ba ta shafe shi ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin ƙwayoyi da laifuffuka ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka bayyana sakamakonsa a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suka taɓa shan ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Masu shan tabar wiwi su ne kan gaba, sai masu shan ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su taramadol, sa'an nan masu shan maganin tari mai kodin.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin wajen toshe hanyoyin da waɗannan abubuwa ke shigowa. An kafa hukumar NDLEA tun 1989, an kuma hana shigo da maganin tari mai kodin da harhaɗa shi a watan Mayu na 2018. Amma kame da ƙone kaya ba sa warkar da wanda ƙwaya ta riga ta kama. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce, in an kai yaro gidan gyara an kwantar da shi, a hannun wa ake barinsa?

Mutane da yawa suna ɗaukar shaye-shaye rashin tarbiyya ne kawai, wanda bulala da kulle za su gyara. Mun ga inda wannan tunani ya kai mu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafafunsu, ba a jima ba kuma aka gano irin wannan a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, neman mafita suke yi, ba su kuwa sami ƙofar da ta fi wannan kusa ba.

Gaskiyar magana ita ce, jarabar ƙwaya ciwo ne mai rassa da yawa, ba kuwa wani ma'aikaci ɗaya da ya iya dukkansu. A kwanakin farko da mutum ya daina sha, jiki yana tayar da bore. Mai shan taramadol ko kodin yakan yi fama da gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wanda ya saba da giya ko ƙwayoyin sa barci kuwa, in aka yanke masa farat ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga, har ya rasa ransa. Wannan aikin likita ne da ma'aikatan jinya waɗanda ke tare da majinyaci dare da rana, da kuma mai harhaɗa magunguna wanda zai lura da ƙa'idar maganin da ake ragewa sannu a hankali. Masu yi wa kansu allura kuma suna bukatar gwajin ciwon hanta da cutar ƙanjamau, watau aikin ɗakin gwaje-gwaje ke nan.

To, amma fitar da dafin daga jiki somin taɓi ne. Sau da yawa a ƙarƙashin shaye-shayen akwai ciwon damuwa ko taɓin hankali, wanda sai likitan ƙwaƙwalwa ne zai gane shi. Masanin halayyar ɗan Adam shi zai zauna da majinyaci ya koya masa gane abin da ke jansa zuwa sha, da dabarun kauce masa. Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi zai je gida ya ga iyaye ko miji ko mata, ya gyara tsakani, ya nemi hanyar komawa makaranta ko wurin aiki. Mai koyar da sana'a shi zai cika wa mutum yininsa da abin yi. Malamin addini yana da nasa gurbin, haka nan wanda ya taɓa sha ya daina, domin maganarsa takan shiga inda ta likita ba ta shiga ba.

Tara waɗannan ma'aikata a gini ɗaya bai isa ba. Abin da ake bukata shi ne su zama ƙungiya guda: takardar bayanin majinyaci ɗaya, shirin jinya ɗaya, da zama kowane mako inda kowa zai faɗi abin da ya gani. Ma'aikaciyar jinya da ta lura majinyaci ya kwana uku bai runtsa ba tana riƙe da labarin da zai iya sa likita ya sauya magani. In ba a ba ta bakin magana ba, majinyaci ne ya yi hasara.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shirinsa na ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zaune tare da wani ɗan'uwansa a cikin jama'a, likitoci da ma'aikatan jinya suna kula da shi, har da shigar da masu maganin gargajiya. A asibitin Aro ɗin ne kuma aka buɗe sashen kwantar da masu shaye-shaye a 1983.

Abin da ke hana ruwa gudu sananne ne. Na farko, ƙarancin ma'aikata: likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri kuwa kaya ya yi musu yawa. Na biyu, tsohuwar gabar nan ta shugabanci da albashi tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, wadda ta sha jawo yajin aiki. Inda ake rigimar wane ne babba, ba a zama a tattauna kan majinyaci.

Mu a ganinmu, tun da an sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, lalle ne gwamnatocin jihohi su ɗauki matakai uku. Kada a ba kowane gidan gyara izinin kwantar da mutane, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa ko na malamai, sai ya nuna cikakkiyar ƙungiyar ma'aikata, a kuma riƙa kai masa ziyarar ba-zata. Ma'aikatun lafiya su buɗe guraben aiki ga masana halayya da ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda jami'o'inmu ke yayewa kowace shekara suna zaune a gida. Makarantun koyon aikin lafiya kuma su riƙa haɗa ɗalibai na fannoni dabam dabam a ɗakin majinyata ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har wa yau, kada aikin ƙungiyar ya ƙare a ranar sallama. Jikin wanda ya yi makonni bai sha ba ya daina jure adadin da ya saba, in ya koma ya sha kamar da, yana iya mutuwa nan take. Saboda haka bibiya bayan sallama wajibi ce, komawa sha kuwa alama ce ta a gyara jinya, ba dalilin korar majinyaci ba.

Ga ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi, muna tunatar da su cewa gini ba ya warkarwa, mutanen da ke cikinsa su ke yi. Ga ɗalibanmu kuma, ƙasa tana bukatarku a waɗannan fannoni da aka raina. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.