Mun rufe hanci da baki, mun bar ido a waje



Duk wanda ya hau moto ko keke a hanyoyinmu na Adar tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya san abin da muke nufi. Hunturu na kaɗawa, babbar mota ta wuce ka a kan burji, sai ka shiga cikin jar ƙura kana tuƙi da ido ɗaya. Mun iya naɗa rawani mu rufe hanci da baki, amma idon da ke ganin hanyar shi muke bari tsirara. Ɗan kabu-kabu in ya runtse ido na daƙiƙa biyu a gangaren dutse, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba, akwai na wanda ya ɗauko.

To sai wani ya ce ai ga tabarau nan cike da kasuwa. Nan ne gizo ke saƙa. Yawancinmu baƙi wuluk muke zaɓa, mai ƙyalli, irin na gayu. Baƙin gilashi ba shi ne kariya ba. In ka sa shi, ɗan baƙin nan na tsakiyar ido buɗewa yake ƙara yi saboda duhu, kuma in gilashin ba ya tare hasken rana mai cutarwa, wanda likitoci ke kira UV, to ka buɗe masa ƙofa ke nan. Wannan haske, tare da iska da ƙura, suna cikin abin da ke sa nama ya tsiro daga gefen ido ya nufi tsakiya, kuma yana taimaka wa yanar ido. A duba mai rubutun UV400. Mun sani, takardar liƙawa ba ta da wuyar bugawa, shi ya sa in da hali gara a saya wajen masu sayar da gilashin ido na likita in an shiga Tahoua.

Abu na biyu, kada a sayi na kwalba. Tsakuwa ɗaya daga tayar mota ta isa ta fasa shi a fuskarka. Na roba mai ƙarfi, polikabonet, ba ya tarwatsewa haka, kuma shi da kansa yana tare UV ko da fari ne tas. A samu wanda ya lanƙwaso ya rufe gefe, domin ƙurarmu ba ta gaba kawai take zuwa ba, haka ma ƙayar da ke leƙowa a ƴan hanyoyin gona. Ka gwada shi a wurin, ka sunkuya, ka girgiza kai. In ya zame, aje musu kayansu.

Mu dai a ganinmu, mai kuɗin guda ɗaya ya sayi fari, irin wanda masu gurza ƙarfe ke sawa. Baƙi da magariba makanta ne, kuma lokacin ne ƙwari ke tashi a bakin fadamu da lambunan albasa. Yaranmu masu zuwa lakwal a kan keke ma shi ya fi dacewa da su. Wanda ke kunyar a ce yana ji da kai, ai ba wuya, ya cire in zai gaida manya.

Kuma don Allah a daina goge shi da bakin riga. Yashi ne kake murzawa a kai, ba a jimawa ya dishe, ka jefar. A zuba masa ruwa tukuna. Ido ma haka: in abu ya faɗa, kar a murza, kar a ɗiga masa ruwan ganye ko kwalli, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. In har yana suka ko gani ya ragu, a nufi likita a ranar, kar a jira sai ranar kasuwa.