Abin Da Ke Karya Ɗan Dambe Tun Bai Kai Ba

 Ga wata magana wadda ta kamata manya su auna.

Babu dattijo a ƙasashen nan da bai taɓa ganin wannan abu ba. Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, makaɗa sun rataya kalangu, sai wani yaro da ba a san shi ba ya fito fage ya kashe manya biyu ko uku a jere. Kafin wata ya mutu sunansa ya zaga kasuwanni, yara suna kirarinsa a bakin rijiya. Bayan shekara biyu ko uku sai a tambaya ina wane, a ce ai ya lalace. In an nemi dalili, wani ya ce sammu aka yi masa, wani ya ce bakin mutane ne ya kama shi, wani ya ce layarsa ce ta karye. Da wuya a ji wanda ya ce a zauna a ƙidaya wasannin yaron, a ga da wa aka haɗa shi, kuma kwana nawa ya huta tsakanin wani bugu da wani.

To, akwai wani labari na ƙasashen waje wanda aka rubuta lissafinsa duka, rana da wata da shekara, don haka ya isa a yi awo da shi. A Amurka da Japan da Birazil ana wani irin faɗa na kuɗi wanda ya gauraya dambe da kokawa da shuri. Ana naushi da hannu biyu, ana harbi da ƙafa, in an kai mutum ƙasa kuma ba a raba su, sai a bi shi a shaƙe ko a murɗe masa gaɓa har ya sallama. Mafi girman kamfanin da ke shirya shi sunansa UFC, kuma a can kowane turmi minti 5 ne.

Wani saurayi mutumin Kamaru, maƙwabciyar Nijeriya, mai suna Rameau Thierry Sokoudjou, an haife shi a 1984. Tun yana yaro ya ƙware a kokawar Japanawa da ake kira judo, sa'an nan ya tafi Amurka ya shiga wannan faɗa na gauraye. Wasa 3 kaɗai ya yi, ya ci 2 aka ci shi 1, sai wani kamfanin Japan mai suna Pride ya haɗa shi da Antonio Rogerio Nogueira, ɗaya daga cikin gwanayen Birazil. A watan Fabrairu na 2007, a birnin Las Vegas, Sokoudjou ya sumar da shi cikin daƙiƙa 23. Aka ce sa'a ce. A watan Afrilu na wannan shekara, a Japan, aka ba shi Ricardo Arona, wani gwanin Birazil kuma, ya sumar da shi kafin minti 2 su cika. A lokacin bai cika shekara 23 ba. Duniyar wasan ta ɗauka cewa sarki ya zo.

Sai UFC ta ɗauke shi, ba ta kuwa ba shi ƙarami ba. A watan Disamba na 2007 aka haɗa shi da Lyoto Machida, mutumin da ba a taɓa ci ba a lokacin, wanda daga baya ya riƙe kambun duniya a 2009. Machida ya kai shi ƙasa ya shaƙe shi a turmi na biyu. A 2008 ya ci wasa ɗaya, kana a watan Oktoba, a birnin Birmingham na Ingila, Luiz Cane ya gama da shi a turmi na biyu, UFC ta sallame shi. A Janairun 2009 Renato Sobral ya shaƙe shi a turmi na biyu. A Nuwamban 2009 Gegard Mousasi ya gama da shi, shi ma a turmi na biyu. Ya ci gaba da wasa shekaru bayan haka daga wannan ƙasa zuwa waccan, ci da faɗuwa suka yi kusan kunnen doki, bai sake komawa matsayinsa na 2007 ba.

Mai karatu ya dubi lissafin nan da idon ɗan kasuwa. Nasarorin da suka ɗaga shi duk a mintocin farko suka zo. Faɗuwa huɗun nan da suka saukar da shi duk a turmi na biyu suka zo. Babu sammu a cikin wannan. Yaron yana da ƙarfin bugu, amma numfashinsa ba ya kai shi nesa, kuma in an kwantar da shi ƙasa dabararsa ba ta kai ta abokan karawarsa ba. Nogueira da Arona ba su san shi ba, shi ya sa suka shiga hannunsa. Waɗanda suka biyo baya sun kalli hotunan wasansa, suka gane cewa in an jure guguwar farko, sauran aiki mai sauƙi ne. Abin da ya rage masa ya koya kuwa ba a koyonsa gaban gwanaye, a wurin ƙanana ake koyonsa, inda kuskure ba ya kashe mutum. Amma suna ya riga ya yi masa kuɗi, wanda aka saye shi da tsada kuwa ba a mai da shi ƙaramar rumfa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma ɗaya gefen ma'auni. Wanda ya fara cin Sokoudjou a 2006, tun kafin ya yi suna, wani mutumin Birazil ne mai suna Glover Teixeira. Matsalar takardun shiga Amurka ta tsare shi a ƙasarsu shekaru, yana ta wasa a ƙananan fagage, bai shiga UFC ba sai 2012. A watan Oktoba na 2021, yana da shekara 42, ya ɗauki kambun duniya. Jinkirin da ya zo masa ba da sonsa ba shi ya cika masa sani. Sannu ba ta hana zuwa.

Malamai sun fi kowa sanin wannan al'amari. Almajiri mai zaƙin murya da kaifin ƙwaƙwalwa, in aka ɗora shi bisa buzu tun bai sauke ba don mutane na sha'awar karatunsa, to an cuce shi, gama ranar da ya gamu da alaramma za a ga ramin da aka bari, shi kuwa girman da aka ba shi ya hana shi komawa ya ɗauki allo. Fatake su ma sun sani. Yaron da ya ci riba biyu a jere aka danƙa masa dukiyar gida duka ya tafi Kurmi da ita, tun bai san faɗuwar kasuwa ba, ba shi kaɗai ne da laifi ba in ya dawo hannu wofi.

Dalilin kawo wannan labari ga mutanen Kanya Babba da kewaye shi ne dambe ya sake hali. A da sana'ar rundawa ce, lokacinta kaka. Mahauta su bi gari gari, a yi wasa a tashi, in damina ta faɗi kowa ya koma gona da fawa. Watanni da yawa kai yana hutawa, hannu yana warkewa. Yaro kuma yakan tashi ƙarƙashin babba, yana riƙe masa zare, yana kallo, ba a sa shi gaban wanda ya fi ƙarfinsa sai ubangidansa ya yarda, shi ya sa har yau ake cewa shagon wane. Su Shago da Ɗandunawa, waɗanda sunansu ya wanzu har Ɗan'anace ya yi wa Shago waƙa, cikin irin wannan tsari suka fito.

Yanzu akwai gidajen dambe a birane, a Kano da Abuja da sauransu, inda ake biyan kuɗin ƙofa, kuma ba ruwan wasa da rani ko damina. Kudu da Arewa da Guramada kowa na neman sabon hannu da zai fitar da shi kunya. Ana ɗaukar wasa da waya, kafin gari ya waye an gan shi a Nijar da Gana da Turai. Wannan ya kawo wa 'yan dambe kuɗi da daraja da ba su samu a da ba, ba a musun haka. Amma yaron ƙauye da ya yi kisa biyu masu kyau, washegari 'yan kallo babba suke so a ba shi, mai gida kuma abin da ke cika ƙofa yake so. Abokan karawa su kalli hotonsa su haddace inda yake buɗewa, kamar yadda aka yi wa Sokoudjou. In an buge shi yau, kunya da kwaɗayin kuɗi su mai da shi fage jibi.

A nan ne babban haɗarin yake. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama 'yan damben da suka sha bugu a ka, ya nuna yadda tafiyarsu ke rikicewa, harshe ya yi nauyi, hankali ya ragu. Likitoci sun tabbatar kuma cewa bugun da ya zo kafin na farko ya warke ya fi ɓarna. Saboda haka a ƙasashen da aka tsara wasan, wanda aka sumar akan hana shi fage wata ɗaya ko biyu ko fiye, sai likita ya duba shi. Jarin ɗan dambe kansa ne da hannunsa. Ɗan kasuwar da ya karye yakan sami mai ba shi bashi ya tashi, amma ƙwaƙwalwar da ta taɓu babu kasuwar da ake sayo wata.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Sarakunan fawa da shugabannin dambe su tsaya a kan cewa ba a haɗa sabon yaro da tsohon hannu don cika ƙofa, kuma wanda aka sumar ba ya ɗaura zare sai ya huta, an kai shi asibiti an duba shi. Attajiran da ke yi wa 'yan dambe kari, su sani kuɗinsu ke kiran wasan da ake yi. Wanda ya zuba kuɗi don a haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa yana da rabo cikin abin da ya same shi. Da ma ya riƙe rabin kuɗin ya kafa wa yaron jari, ko awaki ko teburin nama, domin dambe ba ya kai mutum tsufa. Malamai kuwa, su ne yaran nan ke zuwa wurinsu da dare neman addu'a kafin wasa. Wanda ya zo idonsa ja, yana kukan ciwon kai, yana mantuwa, mafi alherin abin da za a ba shi shi ne a ce masa ya zauna gida, a kuma kira mahaifinsa a faɗa masa. Maganar malami tana shiga inda ta likita ba ta kai ba.

In an ce wa mutane sammu ne, kowa ya wanke hannunsa, sai a jira wani yaron ya fito a sake yi masa yadda aka yi wa na farko. In kuwa an yarda gaggawa ce da rashin hutu, to magani yana hannun mutanen gari, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kaka na tafe, kalangu zai yi kira a Babura da Kazaure, wani yaro kuma zai fito ya ba mutane mamaki. Allah ya ba shi manyan da za su iya ce masa bana ya isa haka, sai baɗi.