Dogo ya kai Doso, ina jirgin?

Tun 1994 jirgin ƙasa mai gudun tsiya yake ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila. Mutum ya karya kumallo a Paris, kafin awa biyu da rabi ya sauka London. Maroko ma ta samu irinsa a 2018, mai cin kilomita 320 a awa guda.

To, mu fa? A watan Afrilun 2014 aka buɗe tashar Yamai da kiɗa da guɗa, a 2016 dogo ya isa Doso, kimanin kilomita 140. Daga nan sai shiru. Rigimar kwangila a kotunan Benin ta tsayar da aikin, alhali dogon Kwatano yana tsaye a Parakou tun 1936, yana jiran a haɗa shi da Gaya.

A ganinmu, abin koyi wajen Turawa shi ne shiri tsakanin maƙwabta, gudu na biye. Da Faransa da Ingila ba su sa hannu a yarjejeniya ba a 1986, da ko taku ɗaya ba a haƙa ba. Dogon da bai tsallaka iyaka ba, a ƙasar da ba ta da teku, wa zai yi wa amfani? Ɗan kasuwar Doso mota ta ishe shi zuwa Yamai.

Yanzu ido na kan dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza tubalinsa a 2021. Sai dai faɗinsa ya fi na Doso, jirgin wannan ba zai hau wancan ba. Ya kamata hukumomi su zauna kan wannan batu tun kafin a ƙara shimfiɗa ƙarfe.