A Duba Ruwa Kafin A Harba Igwa

Babu mai hankalin da zai musanta cewa sojan ruwa yana bukatar wurin koyon aikinsa, domin wanda bai taɓa harba igwa a lokacin zaman lafiya ba, ba zai iya ba ran da abokan gaba suka zo. Amma tekun da ake atisaye a cikinsa ba kango ba ne. Gonar masunta ce, kuma gidan halittu ne masu ɗimbin yawa. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi ita ce: wa zai auna ɓarnar, kuma yaushe?

Bari mu ɗauki darasi daga Amurka. A shekarar 1941 rundunar mayaƙan ruwan ƙasar ta fara karɓar filaye a Vieques, wani ɗan tsibiri da ke gabas da Puerto Rico, har ta mallaki kusan kashi 2 cikin 3 na ƙasarsa. Aka mai da gefen gabas wurin gwada bama-bamai, mutanen tsibirin kuwa, kimanin 9,000, aka matse su a tsakiya. Tun 1978 masunta suka fita da ƙananan jiragensu suna tare hanyar jiragen yaƙi, amma aka yi kunnen uwar shegu da kukansu. Sai a ranar 19 ga Afrilu, 1999, da bam ya kauce ya kashe wani mai gadi farar hula, sannan duniya ta waiwayo. Rundunar ta tashi a ranar 1 ga Mayu, 2003, a 2005 kuma aka sa wurin cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. Shekaru fiye da 20 bayan tashinta, ba a gama kwashe abubuwan da ba su fashe ba, musamman waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ruwa.

Wani abin lura shi ne, tun ranar 1 ga Janairu, 1970 Amurka take da dokar da ta tilasta wa hukumomin gwamnatin tarayya binciken illar manyan ayyukansu ga muhalli kafin su fara. Watau samun doka daban, aiki da ita daban.

Ba bam kaɗai ke ɓarna ba. Jiragen yaƙi suna aika sauti mai ƙarfin gaske cikin ruwa don gano jiragen ƙarƙashin teku, alhali kuwa manyan dabbobin tekun nan masu shayar da 'ya'yansu da ji suke neman abinci da hanya. A watan Maris na 2000 guda 17 suka faɗo gaɓar tsibiran Bahamas bayan wani atisaye, aka kuma ga alamun zubar jini a kunnuwan wasu daga cikin waɗanda suka mutu. A Disamba, 2001 rundunar ta amince cewa sautin na'urarta ne ya fi kama da sanadi.

Masu goyon bayan soja suna da hujjarsu, kuma ba za mu ɓoye ta ba. A Nuwamba, 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta ɗage takunkumin da wata ƙaramar kotu ta sa wa atisaye a gaɓar kudancin Kalifoniya, tana mai cewa bukatar horar da mayaƙa ta rinjayi illar da ake tsoro. Amma a 2015, bayan wata shari'a a Hawayi, rundunar ta yarda ta taƙaita amfani da wannan sauti da abubuwan fashewa a wasu keɓaɓɓun wurare, ba ta kuma daina horo ba. Ashe ana iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in an so.

A ganina sharuɗɗa 3 ne za su sa irin wannan bincike ya yi amfani. Na farko, a yi shi kafin a kafa sansani, ba bayan ɓarna ba. Na biyu, kada rundunar ta zama ita ce mai ƙara, ita ce alƙali. A sa masana masu zaman kansu, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a, ban da abin da ya shafi asirin makamai. Na uku, a saurari masunta, domin su suka san inda kifi ke ƙwai da lokacinsa.

Mu ma a Nijeriya abin ya shafe mu. Muna da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800, da makarantun horon sojan ruwa a Onne da Apapa. Sai da aka jibge mana sharar guba a Koko a 1988 kafin muka farga, har aka kafa Doka mai lamba 86 ta 1992 kan binciken muhalli. Kada mu jira wani Koko a cikin ruwa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.