Allurar RPM ta kwanta, an ce ka canza mitar dashbod gaba ɗaya? Tsaya tukuna

Mai mota, yau da kai nake, kuma ba lallashi zan yi ba.

Allurar nan da ke kusa da ta gudu, wadda aka rubuta RPM ko x1000 a jikinta, ta kwanta a kan sifili ko ta kama rawa kamar mai zazzaɓi. Ka shiga gareji. Mutumin ko bonet bai ɗaga ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, mita ce ta tafi, sai dai a sa wata." Ka zaro kuɗi, aka tura yaro kasuwa. Malam, wannan lalube ne cikin duhu, kuma da aljihunka ake yin sa.

Wani ɗan uwana haka aka yi masa. An cire masa mitarsa ta asali, aka sa ta gwanjo, allura ta yi kwana biyu tana aiki ta sake kwanciya. Da aka dawo aka bi layi yadda ya kamata, ashe wayar negetib ce da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa ta saki. Taɓa wayoyin da aka yi wajen sa sabuwar mitar ne ya sa ta ɗan kama na kwana biyu. Sandfefa da sifana lamba 10 suka gama aikin. Tsohuwar mitar kuwa, lafiyayya, an neme ta an rasa.

Abin da nake so ka gane shi ne allurar nan 'yar aike ce. Ba ta ganin inji, saƙo ake kawo mata. A motocin zamani akwai sensa a kusa da karanshaf tana ƙirga haƙoran wani faifan ƙarfe yayin da yake juyawa. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota, wato birenbos, ita kuma ta tura lissafin ta waya zuwa dashbod, can wani ɗan ƙaramin moto ya juya allurar. Ga kuma wuta da negetib da mitar ke buƙata kafin ta yi komai. Ka ga wurare nawa ke nan da saƙo zai iya yankewa? Mitar ita ce ta ƙarshe a layin, kuma kusan ita ce mafi tsada. To me ya sa da ita ake farawa? Saboda ita ido ke gani, kuma kusoshi kaɗan ne a kwance ta. Bin waya kuwa yana so a durƙusa a yi tunani.

Gwajin farko ko sisi ba ya ci. Tayar da mota ka zuba ido. Allurar RPM kaɗai ce ta mutu, ko har da ta gudu, da ta mai, da ta zafin inji? In duk sun kwanta tare, ka bar zancen allura, ka nemi abin da suka haɗa: fiyus, soket ɗin bayan mita, ko negetib. A Toyota da yawa za ka ga fiyus ɗin an rubuta GAUGE, a wasu motocin kamar Nissan an rubuta METER. In ya ƙone a sa mai lamba iri ɗaya. Don Allah kar ka bari a nannaɗa masa silin waya a mayar. Fiyus ya ƙone ne don ya ceci wayarin motar, in ka hana shi ƙonewa wani abu zai ƙone a madadinsa. In kuma allurai suna tsalle duk lokacin da ka kunna fitila ko sigina ko ka danna hon, negetib nake fara zargi. A kuma auna batir: kusan 12.6V in mota na kashe, tsakanin 13.5V da 14.5V in tana aiki. Altaneta mai ba da wuta fiye da ƙima tana haukata mita.

Gwaji na biyu shi ne wanda na fi jin haushin yadda ake tsallake shi, don shi kaɗai yana raba gardama gida biyu. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, da na dizal daga 2004, suna da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Shi ne OBD2. Ka samu 'yar ƙaramar sikana irin ELM327 mai Bluetooth, ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner a wayarka, ka haɗa, ka buɗe inda ake nuna RPM kai tsaye. Yanzu ka kwatanta. In wayarka na nuna 750 zaune daram, ka taka totur lamba ta hau lafiya, amma allurar dashbod na kwance, to sensa lafiya take, birenbos lafiya take. Laifin yana tsakanin birenbos da allura: waya, soket, ko cikin mitar. In kuwa lambar da ke wayarka ita ma tana faɗuwa sifili ko tana tsalle, to allurar gaskiya take faɗa, matsalar na can wajen inji. Ka canza mita goma, haka za su yi.

Sikanar za ta kuma ba ka lambobin matsala. P0335 layin sensar karanshaf ne. P0340 na sensar kamshaf. U0100 na nufin an daina jin birenbos, U0155 an daina jin mitar dashbod. Amma kula, lamba layi take nuna maka, ba ta ce "saya sabuwa" ba. P0335 na iya zama ɓera ne ya ci waya, ko ruwan wankin inji ya shiga soket. Masu zuwa a fesa wa inji ruwa mai ƙarfi duk mako don ya yi ƙyalli, ku ma kuna da naku kason a wannan matsala.

Ga wata dabara kuma. In mota ta ƙi tashi, ka kalli allurar lokacin da kake murza makulli. A motoci da yawa za ta ɗan ɗaga kaɗan, wajen 200. In ko motsi ba ta yi, sensar karanshaf ta shiga sahun waɗanda ake tuhuma. In kuma inji na tashi bugu ɗaya, yana aiki sumul, allura ce kawai shiru, da wuya a ce sensar ce, duk da akwai motocin da ke iya lallaɓawa da sensar kamshaf, sai dai za ka ji suna daɗewa kafin su tashi.

Masu tsofaffin motoci, naku ya ma fi sauƙi. Mai distiributa, allurar tana ɗaukar saƙo ne daga ɓangaren negetib na kwayil, waya ɗaya ce za a bi. Tsofaffin masu dizal da yawa kuwa, tunda ba su da kwayil, daga altaneta suke ɗauka, a wata ƙafa da aka rubuta W. Don haka in fambel ya saki yana zamewa, allura za ta nuna ƙasa da gaskiya, in altaneta ta daina caji sai ta kwanta. Ka ga a nan allurar gargaɗi take yi maka cewa batirinka na kan hanyar mutuwa, wani kuma yana cewa a cire ta a yar.

Na san abin da 'yan rewaya za su ce: "Mun fi shekara ashirin a aikin nan, sau da yawa mitar ce." Ban ƙaryata ku ba, wani lokacin ita ce. Manyan motocin GM na 2003 zuwa 2006, irin su Silverado da Tahoe, sun yi suna wajen lalacewar ƙananan motocin da ke juya allura. Ford Focus ƙirni na biyu an san shi da tsagewar dalma a inda soket ya haɗu da allon mita, shi ya sa in ka bugi saman dashbod sai allura ta farfaɗo. Amma ku duba, duka biyun gyaruwa suke. Ɗan moton ana cire shi a sa wani, dalmar ana sake narka ta. Yaron da ke gyaran waya a bakin kasuwa yana yin aikin da ya fi wannan ƙanƙanta kullum. Kuma ko da mitar ce ta mutu murus, gwajin minti goma ne zai tabbatar. Shekara ashirin ɗinku ba ta hana ku soka sikana ba.

Kuma mutane ba sa lissafa abin da ke biyo bayan canjin. A motoci da yawa lissafin kilomita yana cikin mitar ne. Ka sa ta wani, motarka ta ɗauki tarihin wata motar, ranar sayarwa mai saye ya ga ba daidai ba ya ɗauke ka maƙaryaci. A wasu motocin, irin su Golf 4 da Focus ɗin da na ambata, tsarin tsaron da ke gane makullinka yana cikin mitar. Ka sa wata ba a haɗa ta da kwamfuta ba, mota ta ƙi tashi ko ta tashi ta mutu nan take, ka shigo da matsalar allura ka koma gida a Keke Napep.

Sai batun silinda, wanda shi ne ya fi ba ni dariya da takaici. A tsarin da ke ƙirga tartsatsin wuta, inji mai silinda 4 yana ba da bugu 2 a kowane juyi, mai silinda 6 yana ba da 3. A je Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko mitar da fuskarta ta yi kama, ba a duba lambar jikinta ba. In ta mai silinda 4 ce aka sa wa mai 6, inji na 800 allura na nuna 1200. Sai makanike ya ce silo ya yi yawa, ya kama rage shi har mota ta fara mutuwa a danja. An gyara lafiyayyen inji don ya dace da mitar ƙarya.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa "Ai mota na tafiya, me zan yi da wata allura?" Kai ma ban ƙyale ka ba. Da ita ake gane kuloci ya fara zamewa, ka taka RPM ya hau gudu bai ƙaru ba. Da ita ake gane giyar otomatik ta fara wasa. Inji mai zafi ya kamata ya zauna wajen 600 zuwa 900 a tsaye; in ya maƙale a 1500 kana ƙona fetur a banza a cikin cunkoso, a wannan tsadar. Kuma in negetib ce ko altaneta ta jawo, ba a kan allura za ta tsaya ba.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo a daina: cire kan batir mota na aiki wai don a gwada altaneta. A motar da ke da birenbos wannan na iya tura wuta mai ƙarfi ta ƙona mita ko abin da ya fi ta tsada. Haka yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Mitar gwajin wuta tana yin wannan gwajin cikin daƙiƙa biyar ba tare da an cire komai ba.

Saboda haka in an ce maka mita ce, ka yi tambaya uku cikin ladabi: "Malam, sikana na ganin RPM? An auna wuta da negetib a soket ɗin bayan mitar? Saƙon yana isowa wurin?" In ya amsa ya kuma nuna maka, bismillah, a fara gwada gyaranta kafin a sayi wata. In dole sai an saya, a duba lambar da ke bayan taka a samo mai irin ta, ka ɗauki hoton kilomitarka kafin a kwance, a yi sharaɗin mayarwa da mai kaya in ba ta yi ba. Tsohuwar kuma ka karɓe ta ka sa a but ka tafi da ita gida.