Sabon Tsarin Karatun Jami'a: Ina Rabon Tarihi Da Kimiyya?

A watan Disamba na 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'in Nijeriya, watau NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS, ta kuma umurci jami'o'i su fara aiki da shi a 2023. Bisa wannan tsari, Hukumar ce ke shata kashi 70 cikin 100 na abin da za a koya wa ɗalibi, aka bar wa majalisar malaman kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce ba ta yarda ba, don a ganinta an ƙwace wa majalisun aikin da doka ta ba su.

Gardamar duk a kan iko ta tsaya. Amma akwai abin da ya fi wannan shafar mutanen Arewa mazauna Sabo a Badun, da Agege, da Shagamu, waɗanda 'ya'yansu ke neman shiga Jami'ar Badun ko ta Ikko. Shi ne batun darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, ko da likita zai zama ko injiniya. An rage su zuwa shida: Turanci, al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, falsafa da manɗiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, sai guda biyu a kan kafa sana'a.

Wannan al'ada ba daga Badun ta taso ba. Kwalejin da aka buɗe a can a 1948 reshen Jami'ar Landan ce, kuma tsarin Ingila ta bi, inda ɗalibi ke kama fanni guda ya nitse a cikinsa. Jami'ar Nsukka, wadda aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, ita ta kawo ra'ayin cewa mai karatun kimiyya ya ɗanɗana tarihi, mai karatun adabi shi ma ya leƙa kimiyya. Daga baya sauran suka bi sahu.

To, amma iyaye da yawa ba haka suke kallon jami'a ba. Likita, lauya, injiniya, shi ke nan. Idan yaro ya nemi likitanci aka ba shi ilmin tsirrai ko tarihi, sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Alhali kuwa wanda ya sami likitancin ma, shekararsa ta farko a hannun malaman tsangayar kimiyya yake yinta, yana koyon fizik da kemistiri da ilmin halittu. Tsangayar da ake rainawa ita ke ɗauke da wadda ake yi wa rububi.

Haka kuma sunan da manyan jami'o'in nan suka yi a duniya, rabonsa mai tsoka daga sashen tarihi ya fito. Kenneth Dike, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Kwalejin Badun a 1960, masanin tarihi ne. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, Abdullahi Smith da ɗalibinsa Yusufu Bala Usman su ne suka tsaya a kan rubuta tarihin ƙasar Hausa daga takardun ajami da na Larabci na mutanenta. Duk da haka manufar ilmi ta Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana neman a ba kimiyya kashi 60 na gurabe, fasaha 40, har aka cire tarihi daga ƙananan makarantu wajen 2009, sai a 2022 aka bayyana mayar da shi.

Gaskiyar magana, rage yawan darussan ba shi ne babban ciwon ba. Ciwon yana ga yadda ake koyar da su. Ɗalibai ɗaruruwa a zaure guda, na baya ba ya jin malami, jarrabawa kuwa zaɓi-ɗaya ce a kwamfuta. Manyan farfesoshi suna can wajen bincike da masu neman digiri na biyu da na uku. Ga ƙarancin kuɗi, wanda yana cikin abin da ya sa ASUU ta rufe jami'o'i wata takwas a 2022.

Wanda ya ga rikicin Shagamu na 1999, ko na Idi-Araba a 2002, ko na kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na 2021, ba sai an gaya masa amfanin darasin al'ummomin Nijeriya ba. Yaron da aka haifa a Agege, mai jin Hausa da Yarbanci, yana zaune a benci guda da wanda gobe zai zama alƙali ko shugaban ƙaramar hukumar da kasuwar ubansa take. Ga da yawa daga cikinsu, wannan darasi ne kaɗai inda za su ji labarin Kano da Katsina daga bakin malami.

Kashi 30 ɗin nan yana hannun majalisar malaman kowace jami'a, kuma kowane sashe zai so ya cika shi da darussan fanninsa. Jami'ar Badun da ta Ikko da ta Ife suna da malaman tarihi da falsafa da harsuna da za su iya riƙe ajin 'yan shekarar farko, in majalisun sun ware musu sa'o'i da ɗakunan da za su isa.