Bangladesh: Wa ke biyan kuɗin arhar tufafi?

A manyan kantunan Landan da Paris, mutum kan iya sayen riga da kuɗin da bai wuce na abincin rana ba. Galibin irin waɗannan tufafi a Asiya ake ɗinka su, kuma Bangladesh na sahun gaba.

Kimanin mutane miliyan 4 ne, akasari mata, ke aiki a masana'antun ɗinkin ƙasar, waɗanda ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayayyakin da take fitarwa waje.

Ranar 24 ga watan Afrilun 2013, benen Rana Plaza mai hawa 8 ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, inda mutane 1,134 suka halaka. Kwana guda kafin nan an ga bango ya tsage, har banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Amma aka umarci maɗinka su koma bakin aiki, domin akwai kayan da dole a kammala a kan lokaci.

Bayan wannan bala'i, kamfanoni sama da 200, ciki har da H&M da Primark, sun sa hannu kan wata yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ta wajabta binciken gine-gine da matakan kare gobara. Walmart da Gap sun ƙi shiga, suka kafa nasu tsarin. Ko masu sukar harkar sun amince cewa masana'antun da aka bincika sun fi aminci a yanzu.

Batun albashi ne ya gagara.

A watan Nuwamban 2023, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta, gwamnati ta ƙara albashi mafi ƙaranci daga taka 8,000 zuwa 12,500 a wata, wato kusan dala 113 a lokacin. Ma'aikatan dai taka 23,000 suka nema.

Masu masana'antu na cewa hannunsu a ɗaure yake: kamfanonin Turai da Amurka na son a gyara gini a kuma ƙara albashi, amma ba sa son ƙara farashin da suke biya. In aka matsa musu, sai su karkata zuwa Vietnam ko Kambodiya. Wannan fargaba ba ta banza ba ce, domin a 2020, lokacin annobar korona, kamfanonin sun soke ko sun dakatar da odar kaya ta kusan dala biliyan 3, aka bar ɗimbin ma'aikata ba albashi.

Sai dai hujjar cewa kare ma'aikaci zai tsawwala wa mai saye tana da rauni. Ladan maɗinki kaso ne ƙalilan na farashin riga a kanti. Yadi da sufuri da talla da hayar shago da riba ne ke cinye mafi yawa. Gardamar ta fi karkata ga wanda zai rage ribarsa, kuma kowane kamfani na tsoron ya fara shi kaɗai, abokan gogayyarsa su kwashe masa kasuwa.

Wannan ne ya sa aka zuba ido kan dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024, mai ɗora wa manyan kamfanoni alhakin take haƙƙin ma'aikata a wuraren da suke saro kaya. A watan Afrilun 2025, bayan koke-koken 'yan kasuwa kan tsadar bin dokar, Tarayyar ta ɗage lokacin fara aiki da ita.